Gayyar da Ban Kira Ba

Har yau idan na je ƙauyenmu ba na bi ta gindin tsamiyar bakin ruwa. Nakan zagaya ta bayan makarantar firamare, in ratsa gonakin albasa, in ɓata takalmina da laka, duk don kada idona ya sauka a wurin. Mutanen gida suna cewa ina da riƙo. Ina da shi, kuma ban ga ranar da zan sake shi ba.

Ƙauyen namu yana bakin tafkin Kainji, ba nisa da Wara. Ni malamar makaranta ce a Yelwa, can nake zaune da mijina da 'ya'yana. Inna tana gida tare da Yaya, babban wana, wanda gidan ya koma hannunsa bayan rasuwar Baba. Baba ɗan fito ne. Rayuwarsa duka ya yi ta yana ƙetarar da mutane da buhunan hatsi da awaki a jirginsa na katako, da filafili da gora, bai taɓa ɗaura masa inji ba. Da ya rasu aka jawo jirgin aka kife shi a bayan gida, kaji suka mayar da shi makwancinsu. Yaya ya sayi babur ya shiga harkar albasa, bai sake waiwayar ruwa ba.

Jirgin nan ba abin nuna wa baƙo ba ne, wannan na yarda. Baba mutum ne mai son ya yi faci da hannunsa. Duk inda katako ya tsage, sai ya nemo gwangwanin madara ko na tumatir, ya farke shi, ya daddake shi a kan dutse, ya kafa da ƙananan ƙusoshi. Kafintocin jirgi suna yi masa tsiya, suna cewa wata rana gwangwani zai fi katako yawa. Akwai wani faci ɗaya can wajen baya, inda yake zama, wanda bai taɓa kamawa da kyau ba. Idan Baba ya kusa gaɓa da yamma, sai ya ɗaga filafili ya bugi gefen jirgin daidai wurin. Katakon ya amsa da murya mai kauri, gwangwanin ya bi shi da karkarwa mai tsawo. Babu jirgin da ke wannan kukan a duk bakin ruwan. Inna tana jinsa daga cikin gida, ko daka take yi sai ta jingine taɓarya ta ɗora ruwan wanka, mu kuma mu kwasa da gudu zuwa gaɓa. Da wannan ƙarar na girma, ita ce sallamar Baba.

A Yelwa muna da wata 'yar ƙungiya da muke haɗuwa ranar hutu a wani aji da babu kowa. Ni nake rubutu. Akwai wani dattijo makaɗin kalangu da ya gaji da kiɗan biki, akwai malamin motsa jiki da ke yi mana rawa, sai wata abokiyar aikina mai naɗar murya. Abin da muke yi ba wasan kwaikwayo ba ne, ba waƙa ba ce, ba kuma rawa zalla ba, duka ne a kwaɓe wuri ɗaya. Idan aka tambaye mu sunansa mukan ce mu ma muna nema. A shekarar da nake ba da labari, mun ɗauko zancen tsibiran da ruwa ya cinye lokacin da aka yi madatsa, inda kakanninmu suka zauna kafin a taso su. Abokiyar aikina ta bi tsofaffi gida gida ta naɗo muryoyinsu suna kiran sunayen tsibiran da gonaki da wuraren kamun kifi. Muna da murya, muna da rawa, muna da kalangu, amma abin ya ƙi tsayuwa. Babu wani abu a tsakiya da ido zai kama.

Sai na tuna da jirgin Baba. Na ɗauki makaɗin muka je gida, muka kori kaji, muka birkito shi. Cikinsa ya ɓurme, katako ɗaya ya fita gaba ɗaya, sauran duk ƙofofi. Makaɗin ya riƙa zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da gular kalangu, yana karkata kai, har ya zo kan facin nan na baya ya buga. Sai ga ƙarar nan ta fito, muryar katako da karkarwar gwangwani, yadda na san ta. Shekaru da rasuwar Baba, ga sallamarsa a bayan gida, ƙarƙashin kashin kaji, babu wanda ya taɓa tunanin ya buga.

Daga ranar aikin ya samu ƙashin baya. Za mu jingine jirgin a gefensa, mu kafa farin ƙyalle a bayansa, rana mai faɗuwa ta ratso ƙofofin ta zuba ɗigo-ɗigon haske a kan ƙyallen. Tsofaffi suna kiran sunayen tsibirai ta lasifika, mai rawa yana shiga ta ɓurmin yana fita, makaɗin ya ajiye kalangu ya kaɗa jikin jirgin. Ƙarshen ne ba mu samu ba. Na ce kafin mu kai shi ko'ina, mu nuna shi ga mutanen gida yadda yake, ba a gama ba, su faɗa mana abin da suka gani. Muryoyin iyayensu ne a ciki, su suka fi kowa haƙƙin gani da fari.

Na sami Yaya da maganar ina shirin rigima, don na san yadda yake kallon wannan aiki nawa, wasan yara da manya suka ƙwace. Sai ga shi ya amince babu ko gardama. Shi ya zaɓi wurin ma, ya ce gindin tsamiya, nan ne fili yake a baje kuma rana tana faɗowa daidai. Ya ce a sayo goro a raba wa dattawa, matarsa kuma za ta dafa shinkafa da kifi, don ba a tara mutane a sallame su da baki a bushe.

Nan na tsaya, domin ni ma 'yar garin ce. Gindin tsamiyar nan shi ne wurin gyaran jirage tun da aka kafa ƙauyen. Kuma al'ada ce da kowa ya sani: wanda jirginsa ya lalace ya fi ƙarfinsa, ba ya bin mutane yana roƙo. Jawo shi yake yi zuwa gindin tsamiya, ya raba goro, ya sa a dafa abinci. Duk wanda ya karɓi goron ya ci abincin ya ɗauki nauyi, za a sa rana a taru a yi masa gayya. An yi haka ne don a rufa wa mutum asiri, kada ya buɗe baki ya ce ya gaza. Na tuna wa Yaya wannan. Ya yi dariya har da buga cinya.

Ya ce, "Ke dai tsoro gare ki. Kowa ya san wasa kunka zo yi. Ni da bakina zan gaya musu, ba mai taɓa miki shi."

Na yarda da shi. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya dube ni cikin ido ya faɗa.

Ranar nunin, bayan la'asar, gari ya fito. Dattawa a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya, masunta sun baro komarsu a shanye. Aka kawo Inna aka zaunar da ita a kujera can gefe, domin ƙafafunta sun yi nauyi kuma idonta ya fara hazo. Na tashi na yi bayani dalla-dalla, na ce abin da za su gani ba a gama shi ba, jirgin kuma a haka muke son sa, da ɓurminsa da ƙofofinsa. Dattawa suka gyaɗa kai suna tauna goro. Muka tayar da janareta saboda lasifika, wani tsohon janareta na haya mai ruri kamar injin niƙa, muka fara.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Iska ta yi ta kaɗa ƙyallen, wata akuya ta ratsa ta tsakiyar fili. Amma da rana ta sauko ta shiga ƙofofin jirgin, hasken ya watsu a kan ƙyalle, muryar wata tsohuwa ta fara jero sunayen tsibirai, sai surutu ya mutu. Na ga wani dattijo yana motsa leɓe yana bin ta. Can makaɗin ya ajiye kalangu, ya ɗauki tsohon filafilin Baba, ya bugi facin. Na juya wajen Inna. Ta dafa hannun kujera ta miƙe tsaye ita kaɗai, matar da sai an kama ta take tashi, ta juya fuskarta wajen ruwa.

Da muka gama na roƙi mutane su faɗi ra'ayinsu, suka kuwa faɗa babu kara. Wata mai sayar da kifi ta tambaya yaushe za a fara wasan, ita duk a zatonta gwaji muke yi. Wani ya ce mai rawar kamar wanda kunama ta harba a cikin wando. Wani tsoho ya ce mun jera tsibiran a birkice, wanda ke bin ruwa daga arewa ba haka zai tarar da su ba, kuma gyaransa daidai ne, na ji daɗinsa. Wata ta ce a bar shiru ya daɗe bayan bugun jirgin, kada a yi saurin sako murya. Irin abin da na zo nema ke nan. Amma ta gefe ina jin wata magana tana yawo tsakanin maza, ƙasa-ƙasa: ashe jirgin marigayi ne wannan, haka aka bar shi ya zama? Yaya yana zaune a cikinsu, fuskarsa a ɗaure, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Kafin in koma Yelwa na shiga ɗakin Inna. Ba ta yabi rawa ba, ba ta ce komai game da ƙyalle ba. Ta kama hannuna ta ce idan mun dawo, a kai ta kusa da jirgin, tana so ta buga da kanta. Na yi mata alkawari. Muka lulluɓe jirgin da tamfol muka bar shi a gindin tsamiya, don jawo shi ya ci ƙarfin mutane da yawa kuma za mu dawo mu ci gaba da aiki a hutu na gaba.

Da muka dawo ni da makaɗin, tun daga nesa na hango wani abu shuɗi a gindin tsamiya. Na ɗauka wani ne ya kawo sabon jirgi. Sai da na matso na gane shi, da ƙirar goshinsa kawai. An cire duk katakon da ya ruɓe an sa sabo. An cusa auduga a tsagogi an bi da kwalta. An shafe shi da shuɗin fenti mai sheƙi, har da jan layi a baki don ado. Gwangwani ko ɗaya babu. Na zagaya baya inda facin yake, na tarar da katako sumul, sabo fil, yana warin fenti.

Babban kafintan garin yana nan zaune yana wasa gizago. Abokin Baba ne tun suna samari, Baffa nake ce masa. Ya taso da murna yana jiran in yi godiya. Na tambaye shi wa ya sa su. Ya dube ni da mamaki.

Ya ce, "Ɗiyata, goronku munka ci, shinkafarku munka ci. Mu ci abincin gidan abokina, mu bar jirginai da ciki buɗe a bainar jama'a? Mi za a ce da mu?"

Na ce ai na tashi a gaban kowa na faɗa cewa a haka nake son sa. Ya ce ya ji, kuma ya yaba, domin haka 'ya'yan mutunci suke yi, ba wanda ke kawo jirgi gindin tsamiya ya ce a gyara masa, kowa cewa yake a bar shi kawai. Duk da haka, in ji shi, da yake abin namu na 'yan boko ne, sai da ya je ya sami Yaya ya tambaye shi ko da gaske nake. Yaya ya ce masa su yi abin da aka saba.

Ban yi fushi da Baffa ba, ko kaɗan. Shi da mutanensa sun bar aikinsu, sun kawo katakonsu da ƙusarsu, sun yi wuni suna zufa saboda Baba. Na tambaye shi ina tsofaffin katakan da gwangwanayen. Ya ce katakan mata sun kwashe sun yi bandar kifi da su, busasshen itace ne mai kyau. Gwangwanayen kuma an share an watsa a ruwa don kada su yanki ƙafar wani. Makaɗin ya matso kusa da jirgin. Ya fito da gularsa ya bi jikin jirgin yana bugawa tun daga goshi har baya, ko'ina amsa ɗaya, irin ta kowane jirgi a tafkin. Ya mayar da gular aljihu ya tafi ya zauna a inuwa.

Na tarar da Yaya a zaure yana ware albasa. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce ya yi mini alkawari. Bai ko musa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce tun ranar da na zo da maganar ya san abin da zai yi, shi ya sa ya zaɓi tsamiya, shi ya sa ya ce a dafa abinci. Da ya hana ni kai tsaye, in ji shi, da na kai ƙara wajen Inna, Inna kuma ba ta iya ce mini a'a.

Ya ce, "Ke kina Yelwa. Ni ke zaune garin ga. Kin jawo ruɓaɓɓen jirgin ubanmu kin baje shi gaban mutane, kowa shina kallona shina cewa ga ɗan da ya bar shi ya ruɓe. Yanzu ga shi an gyara, ya fi da kyau. In wasa kike so, ki huda wani."

In huda wani. Wallahi da ba wana ba ne da na watsa masa albasar nan a fuska. Na ce masa shekara da shekaru jirgin yana bayan ɗakinsa kaji suna kashi a kai, kunya ba ta kama shi ba sai da mutane suka gani. Na ce ba jirgin ya gyara ba, sunansa ya shafa wa fenti, kuma ya yi shi da gumin mutanen kirki da ya yaudara kamar yadda ya yaudare ni. Na ce ya ɗauki al'adar da aka yi don a rufa wa mai rauni asiri ya mayar da ita tarko. Ya ci gaba da ware albasarsa, manya gefe, ƙanana gefe. Da na tambaye shi ko ya ga Inna ta miƙe tsaye ranar, sai hannunsa ya tsaya kaɗan, sannan ya ce tsofaffi komai ma yana sa su tashi. Ya kuma tuna mini cewa al'ada ta ce wanda aka yi wa gayya ya bi gidajen waɗanda suka yi aikin ya yi godiya, kuma tunda ni na raba goro, ni zan bi.

Na bi. Gida gida na shiga na durƙusa na ce an gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci, haƙorana a cije. Ba su da laifi, ba zan kunyata su ba. A wani gida har aka ba ni busasshen kifi in kai wa yara, na karɓa ina tunanin da wane itace aka yi bandarsa.

Na kira abokiyar aikina a waya in ji ko ta naɗi ƙarar facin. Ba ta naɗa ba. Mun bar ta ne sai ranar da za mu samu shiru, babu iska babu taro, mu naɗe ta da kyau. Na bi duk wanda ya ɗauki bidiyo da wayarsa ranar nunin, na tattara na zauna na saurara ɗaya bayan ɗaya. Ana ganin makaɗin ya ɗaga filafili, ana ganin ya sauke shi. Abin da ake ji janareta ne kawai.

Saura Inna. Ta ji labarin gayyar, har ta sa albarka, domin a tunaninta ɓurmin aka toshe aka bar sauran. Da na shiga ɗakinta ta riga ta yafa mayafi, filafilin Baba yana jingine kusa da ita. Ta ce rana ta yi sanyi, mu je. Ban faɗa mata an cire facin ba. Na kama ta muka fito a hankali. Yaya ya gan mu daga zaure, ya taso ya biyo mu a baya, ban san me ya zo gani ba.

A gindin tsamiya Inna ta saki hannuna. Ta shafa gefen jirgin tana bi da tafin hannu har ta kai baya, inda Baba yake zama. Ba ta buƙaci a nuna mata wurin ba. Ta ɗaga filafilin da hannu biyu ta buga. Ta saurara. Ta matsa kaɗan ta sake bugawa, sannan ta koma wurin farko ta lalubi katakon da yatsunta tana neman bakin gwangwani.

Ta ce, "Ba nan ba ne?"

Na ce, "Nan ne, Inna."

Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan fentin. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi wa ya yi ba. Ta juya ta miƙa wa Yaya filafilin, shi kuma ya karɓa don babu yadda zai yi.

Ta ce, "Ungo. Jirginka ya yi kyau."

Sai ta nemi hannuna ta ce in mayar da ita gida. Aikin namu ba mu ƙarasa shi ba, makaɗin ya koma kiɗan biki. Jirgin yana kan ruwa yanzu, Yaya ya ba wani haya yana kai albasa kasuwar Wara, har an ɗaura masa inji. Inna ta rayu bayan haka, ta ga jikoki sun ƙaru, amma ba ta sake cewa a kai ta bakin ruwa ba.